Yadda na shirya ma halbin kurege bana, tun daga takarda har tukunya

Bindigar da nike magana a kanta Baikal ce mai baki ɗaya, kalibar 12, irin wadda Rasha ke ƙerawa tun 1964, duk wanda ya tashi gidan mahalbi a ƙasar Adar ya san ta ko da bai san sunanta ba. Ta tsohonmu ce, Allah shi jiƙan shi. Da anka zo rabon gado babu wanda ya nuna shina so, mata na tsoronta, yayyena kuma duk ƴan kasuwa ne ba ruwansu da daji, sai ta faɗo hannuna, na naɗe ta cikin tsohon bargo na tura bayan akwati. Ba don Kawu ba da har yanzu tana nan.

Kawu na da gona kan hanyar Keita, gyaɗa da wake da hatsi, ga kuma ƴar garka bakin fadama inda shike sa dankali da rogo in rani ya yi. Abin da ya hana shi barci kurege ne. Wanda bai taɓa noman gyaɗa ba zai ɗauka wasa ne, dabbar da ko kilo 1 ba kasafai take kaiwa ba, amma ka shuka yau, gobe da hantsi shi bi layi shina tone iri rami bayan rami, kuma ba ci kaɗai shike yi ba, kwasa shike shi kai wani wuri shi binne don gaba. In gyaɗa ta nuna shi dawo. In rani ya yi shi koma garka. Wata Lahadi Kawu ya ci kasuwar Tawa ya biyo gida, ko ruwa bai gama sha ba ya ce mini: "Ɗana, bindigar tsohonka tsatsa na cinta, ni kurege na cina, to wa ya ci riba?" Na ce Kawu a yi mini haƙuri in yi takardu tukuna. Ya yi dariya ya ce kurege ma sai da takarda? Na ce ai ba kurege ke tambaya ba Kawu, jandarma ne.

Takardun iri biyu ne kuma mutane da yawa haɗa su suke. Akwai izinin riƙe bindigar kanta, wannan na ma'aikatar cikin gida ne, akwai kuma permin farauta, shi na ƴan gandun daji ne, kuma ba ka samun na biyu sai da na farko a hannunka. Takardar tsohonmu na nan cikin leda har ta yi ja, amma da sunanshi take, izini kuwa ba ya cikin gado. Don haka daga tushe na fara. Na rubuta takardar neman izini na manna tambur, na je kotu na karɓo kaziye, takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa kama ka da laihi, ita wannan kar ka yi saurin karɓo ta don in ta wuce wata 3 ta mutu sai ka sake, na haɗa da takardar zama ɗan ƙasa da kopin kartidantite da hotuna, da takardar gado mai nuna yadda anka yi bindigar ta zo hannuna, da lambar da ke jikin ƙarhenta wadda sai da na goge da tsumma da kananzir kahin ta karantu. Bayan nan sai anket, wato bincike. An zo unguwarmu an tambayi mai unguwa da liman wane ne ni, ni ma an kira ni an zaunar. Ina za ka ajiye ta, wa ke kwana ɗakin, akwai yara a gidan, mi za ka yi da ita, kana da rigimar gona ko ta gado da wani? Tambayar ƙarshen nan ita ta hi burge ni, don wanda ya tsara ta ya san inda bindigar ƙauye ke yin ɓarna.

Wasu abokaina na cewa duk wahalar banza ce, ƙauyukanmu cike suke da bindigogin da ba su taɓa ganin buro ba. Gaskiya ne akwai su, shi ya sa ma tun 1994 anka kafa hukumar ƙasa mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Amma Tawa ta yau ba ta zamanin tsohonmu ba ce. Tun watan Maris na 2017 Tillia da Tasara ke cikin dokar ta-ɓaci, kuma jiharmu ce, ba wata ƙasa ba. Mutum kan moto da dogon abu naɗe a bargo bayanshi, ka sa kanka wurin sojan da ke tsaye bariyar ka gaya mini mi za ka yi tunani. Ni dai ina da iyali, na zaɓi in jira, kuma an jira kam, sai da anka yi girbi anka ɗaure damma sannan takarda ta hito.

Wurin gandun daji abin bai ɗauki lokaci ba. Jami'in da na tarar dattijo ne mai son magana, ya jawo dokar daga durowa ya aje gabana, doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 wadda ta tsara farauta da kare namun daji, ya ce kahin in karɓi kuɗɗinka sai ka ji abin da ba a yi. Ba a halbi da dare, da tocila ko babu tocila. Ba a bin nama da mota ko moto ana halbi daga sama. Ba a sa ma daji wuta don nama shi hito, ba a sa guba, ba a ɗana bindiga a tahi a bar ta, makamin yaƙi kuwa ko zancenshi babu. Permin da ya dace da ni na ƙaramar farauta ne, wato su zomo, zabin daji, fakara, kurciya, hasbiya da irin su kurege, ba barewa ba, ba wani babban nama ba. Ranar buɗewa da ta ruhewa kuma daga sama ake sanarwa, ya ce kowace shekara ka zo ka tambaya da bakinka, kar ka dogara da ta bara ko da abin da ka ji a fada.

Nan na kawo mishi kukan Kawu. Na ce Baba ai ɓarnar kurege da damina take, lokacin shuka da lokacin da gyaɗa ta nuna, ku kuma da rani kuke buɗewa, to ina amfanin? Ya ce damina lokacin haihuwar namun daji ne da ƙwan zabi da na fakara, in anka bar kowa shi shiga da bindiga da sunan kurege ba kurege kaɗai zai mutu ba, kuma hatsi ya yi tsawo ba ka ganin mai noma a bayanshi. Ka rage su da rani, damina ta tarar da su kaɗan. Ban ji daɗin amsar ba lokacin, amma na juya ta na rasa inda zan kama ta.

A fadarmu kuwa sai da anka yi shayi uku kan wace bindiga ta dace da kurege, kowa malami. Ɗaya ya ce kalibar 12 ta yi yawa, in sayi bindigar iska mai bakin milimita 4,5 ko 5,5 ta ishe ni, ba ƙara, ba tsadar kartush, wato harsashi. Tana da daɗi ga kurciya kan reshe, na yarda, amma kurege fatarshi da tauri kuma shina da rai, in ba ka same shi a kai ba zai ja jiki shi shige rami shi mutu can, kai ba nama, shi ba rai, alhaki kawai. Wani ya kawo zancen bindiga kalibar 22, mai harsashi ɗaya ɗan siriri. Ita ta hi kowace iya ɗaukar kurege daga nesa ba tare da ta ɓata nama ba, amma harsashinta in ya kuskure shina iya tahiya hiye da kilomita 1,5, kuma ƙasarmu ta Adar dutse ce da fako, abu shi bugi dutse shi canza hanya, ga ƙauyuka kusa da juna. Ba ni so. Na ukun, wani tsoho da ke zama da mu wani lokaci, ya ce duk ku bar wannan, a ba shi harba-ruga da albarushi. Allah shi ba shi haƙuri, na ga hannun mutumin da irinta ta fashe mawa, yatsu biyu sunka rage, don bututun sau da yawa ba na bindiga ba ne tun asali, kuma awon albarushin da ido ake yi. Na tsaya kan Baikal ɗina. Ƙwayoyin dalma ƙanana da take halbawa ba su tahiya da nisa, masu lamba 6 ba su wuce wajen mita 220 sun faɗi ƙasa, wannan shi ne babban dalilina, ba wai ta hi sauran kyau ba.

Kahin in sa mata ko kartush ɗaya na kai ta wurin wani tsohon soja a unguwarmu da ya yi aikin ma'ajiyar makamai kahin shi yi ritaya. Ya ɓalle katakon gaba, ya karya ta, ya zare bututun, gida uku ke nan, ya ɗaga bututun ya saita shi da rana ya ce mini leƙa. Duhu. Ashe zanzaro ya shiga ya gina ɗakinshi na laka can tsakiya, ya bushe ƙam. Ya ce da ka halba haka da yanzu muna gaisuwa gidanku. Da sanda da tsumma da kananzir munka hidda shi, munka yi ta gogewa har haske ya hito, akwai ɗan tabon tsatsa nan da can amma bai ci ƙarhen da zurhi ba. Ya maida ta ya ruhe ya girgiza shi ji ko bututun na motsi a mazauninshi, shiru. Ya duba allurar da ke bugun kartush, ya gwada makullin kunama ya ja ya ga ba ta tashi, ya duba katakon gindi ko ya tsage wurin wuya don nan suke tsagewa. Mai kuma ya ce man keken ɗinki kaɗan, kar in kuskura in sa man gyaɗa ko na tuya yadda wasu ke yi, daskarewa shike shi kama ƙurar hunturu shi zama danƙo. Abu na ƙarshe ya nuna mini rubutu a jikin bututun, 70, ya ce tsawon ɗakin kartush ke nan da milimita, in mai shago ya miƙo maka mai 76 zai shiga, kuma nan matsalar take, don shiga ba shi ne dacewa ba, in ya tashi buɗewa ba wuri sai ƙarhin ya koma ma bindiga da huskarka.

Tsohin kartush ɗin da na tarar cikin gwangwani, masu jikin takarda, wasu sun kumbura wasu gindinsu ya yi kore, shi na bar ma su ya san yadda zai yi da su. Sababbi a Yamai na saye wurin dillali mai izini lokacin da wata hidima ta kai ni, sai da ya ga takardata ya rubuta sunana a rajista kahin shi ɗauko kwali. Na ɗauki lamba 6, giram 32. Lissahin lambar a juye shike, in lamba ta hau ƙwaya ta ƙanƙance: lamba 4 milimita 3,25 ce, ta zomo da zabo daga nesa, lamba 6 milimita 2,75, lamba 8 kuwa 2,25 ta kurciya. A kartush ɗaya na lamba 6 akwai ƙwaya wajen 260. Tahiyar dawowa hiye da kilomita 500 ce ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kuma takardar na cikin aljihun gaba, duk inda anka tsaida mu anka ce a buɗe kaya ni ke fara faɗin abin da ke jakata kahin a gani.

Gwaji shi ne abin da mutanenmu ba su yi, a ganinsu asarar kartush ce, ni kuwa shi ya hi yi mini amfani cikin duk shirin. Bayan an buɗe farauta na samu manyan kwalaye daga mai shagon kusa da mu, munka tahi wani kwazazzabo bayan gonar Kawu inda akwai gangaren yashi a baya, ba dutse, na zana da'ira da gawayi na sa ɗan baƙi a tsakiya daidai girman kurege. A taki 10 ƙwayoyin duk wuri ɗaya sunka shige, rami bai wuce tahin hannu ba, ka san in nama ne babu abin da za ka ɗauka. A taki 25 sun baje daidai, baƙin ya samu rabonshi. A taki 40 sun watse, akwai gurabun da kurege zai tsaya cikinsu ba abin da ya taɓa shi ko kuma ƙwaya ɗaya ta same shi a cinya. Na kuma gane bindigar tsohonmu tana ɗan ɗaga kai, wato in saita ƙasan abin kaɗan. Daga ranar na yanke ma kaina tsakanin taki 20 zuwa 30, abin da ya wuce haka na bar shi ya tahi.

Sai gaisuwa, wadda a ganina ita ce rabin aikin. Kawu ya kai ni wurin maigari da goro, na ce ranka shi daɗe na zo ne in taya Kawu kurege, ga takarduna, kar a ji ƙara bayan gari a ɗauka wani abu ne. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a ƴan shekarun nan ƙarar bindiga ɗaya ta isa ta sa mata su kwashi ɗiya su yi cikin kara, nan take ya sa anka faɗa a masallaci bayan magariba. Na biya birgad ɗin jandarma mahi kusa na nuna kaina. Na je wurin sarkin mahalban garin, tsoho ne da baka da kwari rataye a ɗaki har yau, shi bindiga ba ta burge shi, amma shi ya nuna mini ramukan da ke da rai da waɗanda anka bari: ka duba baki, in ƙasar sabuwa ce da sawu da ɓawon gyaɗa ko ƙwallon aduwa da anka gurgura to mai gida na ciki, in yanar gizo ta ruhe bakin ka wuce. Ya ce su hi son gindin suri da saiwar magarya da jerin duwatsun nan da anka yi don tare ruwa tun zamanin aikin Keita da ya fara a 1984, kuma rami ɗaya ƙofa da yawa gare shi, kar ka zauna kana gadin guda. Na ƙarshe kuma Fulanin da sunka sauka cikin gonaki bayan an saki daji, na je ruga na ce musu gobe da sahe zan kasance gabas da fadama, a ja ma yara kunne su kora bisashe yamma.

Da sanyin Disamba ba a yi ma kurege sammako, ba ya hitowa sai rana ta ɗan yi zahi. Mun isa wajen ƙarhe 8, ni da ɗan Kawu, yaro ɗan shekara goma sha wani abu da na kafa ma sharaɗi guda, kullum bayana, in ya wuce kafaɗata mun koma gida. Bindiga a karye na riƙe ta har munka zauna gindin wata sabara, rana a bayanmu, iska na busowa daga wajen ramukan zuwa gare mu, sannan na leƙa bututu na sa kartush. Zaman shi ne wahalar. Ƙafa ta yi sanyi, hanci na zuba, yaro na son tari. Can sai ga kai ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa, ya hito da farin zanen nan nashi a haƙarƙari da wutsiya buzu-buzu, ya yi ƴan taku da gudu ya tsaya cak ya miƙe kan ƙafafun baya kamar yaron da ke leƙen kokowa ta saman katanga. Wannan tsayuwar ita ake jira, amma ba ta bakin rami ba, sai ya yi nisa da shi, don ko ka same shi da kyau in rami na kusa da shure-shuren mutuwa zai faɗa ciki. Na bar shi ya nuho garka, na duba bayanshi, gangaren yashi ne ba mutum ba dabba, na ce bismillahi Allahu akbar na ja.

Akwai wanda na ɗaga bindiga na sauke don wata mata ta ɓullo da kan itace daga bayan kalgo, ban ji tahiyarta ba sam, kuma ba ta masallaci jiya balle ta ji sanarwa. Akwai wanda ya tsaya kan tulin duwatsu shina kallona, yaro na ta zungurina Yaya ga shi ga shi, na ce bar shi, dalma kan dutse dawowa take. Bayan ƙara ɗaya kuma wurin kan mutu na tsawon lokaci, gara ka tashi ka koma wani rukunin ramuka. Da rana ta take sun shige, mu ma munka nemi inuwa, sai bayan la'asar sunka sake hitowa kaɗan. In kartush ya ƙi tashi, ya faru sau ɗaya, ba a buɗewa nan take, ka riƙe bakin wajen da ba kowa ka ƙirga kamar minti ɗaya tukuna. Hannu cikin rami kuwa na hana yaron tun a hanya, don ba kurege kaɗai ke kwana ciki ba, kububuwa da kunama na haya, shi kanshi kuregen in da sauran rai cizonshi mugu ne, tsohi ma cewa suke da dahi gare shi, dahi ko ba dahi ba ciwon kan rube.

Zancen halarci na tambayi malaminmu tun kahin in tahi, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya ba a hana cin shi ba, ka ambaci sunan Allah lokacin halbi, in ka tarar da shi da rai ka yanka, kar ka tsaya kallo har shi mutu a hannunka alhali da wuƙa a aljihunka. Shi ya sa wuƙar na gaban aljihu kuma mai kaihi ce, kuma da na halba nike karya bindiga in tahi da sauri, in taka wutsiya in kama ƙeya.

Ba a sa shi cikin jaka da ɗuminshi, ƙuma da kaska ke barin jikinshi su hau naka, a aje shi inuwa kan kara shi huce. Ƙanwata da ke aikin jinya ta tura mini safar hannu ta roba, na yi mata dariya, ta ce Yaya a 2003 ƙyandar biri ta shiga Amurka ta hanyar ɓeraye da gahiya da ƴan'uwan kurege da anka ɗauko daga Gana, kai kana ganin wasa ne. Na sa. Wanda kuma na ga shina tahiya a sanyaye ko gashinshi ya zube ban ma halbe shi don ci ba. Matar Kawu babbaka ta so a yi yadda anka saba, a kan wutar kara a kankare, kuma gaskiya ya hi ƙamshi, amma ni na hi son heɗewa don in ga inda kowace ƙwaya ta shiga in bi ta da bakin wuƙa in hidda, inda naman ya dagargaje ya yi baƙi in yanke in yar. Ba don haƙori kaɗai ba. Dalma ce, ita ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, can ta wurin haƙar zinariya ta zo kuma ba a haɗa yawan, amma yaran gida su ke rububin irin wannan naman, ban ga dalilin ba su ko kaɗan ba. Munka raba, rabi babbaka rabi heɗe, na babbakar ma sai da na tsaga na lalube.

Dahuwa ba ta son gaggawa, tsohon namiji tauri gare shi. Ta tafasa shi da albasa ƴar Galmi da tafarnuwa da citta da ɗan kanwa har ya yi laushi, sannan ta soya da man gyaɗa ta barbaɗa yaji, romon kuma anka zuba kan tuwon hatsi. Naman ba yawa, cinyoyin baya da gadon baya ne kawai abin kirki, ɗanɗanon tsakanin zomo da zabo. In don nama ne kar ka fara, ka haɗa kuɗɗin tambur da permi da kartush da esansi ka je wurin mahauci za ka hi cika tukunya nesa ba kusa ba.

Da dare na wanke bututu na shafa mai na toshe bakin da tsumma saboda zanzaro, bindiga cikin akwati da kwaɗo, kartush a wani wuri daban da makullinshi, kwankunan da na halba ma na tsinto su duka don awaki na taunawa. Kawu ya leƙo ya ce dankalin garka ya samu sauƙi wajen gabas, saura wani abu da ke shiga rumbu da dare shina kwasar gyaɗa, ya ga sawun da kashin, gahiya ce, ko zan kwana biyu in yi mishi maganinta da tocila. Na ce Kawu ita da dare take hita, ni kuma takardata ta rana ce, wannan sai dai a liƙe gindin rumbu a nemo kyanwa. Ya ce to ka dawo bayan sati biyu, wajen yamma ba ka taɓa ba.